Yadda ake lissafa nauyin molekul, daga ruwa zuwa leda da furotin ɗin jini

Duk wanda ya taɓa sayen takin yuriya ya ga lamba 46 a jikin buhun. Ba lambar kamfani ba ce, ba kuma ranar da aka yi takin ba. Ma'anarta ita ce kashi 46 cikin 100 na abin da ke cikin buhun naitirojin ne, kuma da biro da takarda za ka iya fitar da wannan lamba da kanka cikin minti biyu idan ka san yadda ake lissafa nauyin molekul, wato ƙwayar sinadari guda wadda atam, ƙananan tubalan da ke gina komai, suka haɗu suka yi. Daga nan zan fara, domin lissafin da ya fitar da 46 ɗin nan shi ne dai zai kai mu ga molekul ɗin da nauyinsu ya haura dubu sittin ko miliyan guda. Abin da ke canzawa shi ne dabarar ƙirga, sai kuma wani abu guda da ɗalibai da yawa ke gama sakandare ba su ji shi ba: yawancin manyan molekul ba su da nauyi ɗaya tak, matsakaici ake ɗauka.

Matakin farko: san ma'aunin

Atam ya yi ƙanƙantar da ba a ɗora shi a sikeli, don haka ake gwada shi da ɗan'uwansa. Tun shekarar 1961 masana suka amince a ɗauki atam ɗin kabon mai lamba 12, a raba nauyinsa gida 12, kashi ɗaya ya zama ma'auni. Wannan ma'auni ake kira dalton, ana taƙaita shi Da, don tunawa da John Dalton, malamin Manchester a Ingila wanda ya fara jera nauyin atam a jadawali a 1803. Idan an kai dubu sai a ce kilodalton, a rubuta kDa.

Lambobin da za ka fi buƙata ba su da yawa, kuma ya kamata su zauna maka a kai: haidurojin 1.008, kabon 12.011, naitirojin 14.007, oksijin 15.999, salfa 32.06, kulorin 35.45, ƙarfe 55.85. A jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB yawanci za a ba ka su a dunƙule, H = 1, C = 12, O = 16. Yi aiki da abin da aka ba ka a takardar, kada ka kawo naka. Amma ka riƙe a ranka cewa 'yan ɓurɓushin nan na bayan ɗigo, waɗanda ba su da wani tasiri a kan ruwa ko gishiri, suna taruwa su zama abu idan atam ɗin sun kai ɗaruruwa. Za mu gani a kan insulin, furotin ɗin da ke daidaita sukari a jini.

Mai lura zai tambaya me ya sa kulorin ya zama 35.45 ba 35 cif ba. Dalili shi ne kulorin ɗin da ke duniya iri biyu ne a gauraye: kusan kashi 76 cikin 100 mai nauyin 35 ne, sauran kuma mai nauyin 37. Lambar 35.45 ɗin nan matsakaicinsu ce. Wato tun daga kan atam an riga an fara maganar matsakaici.

Mataki na biyu: ƙirga, ninka, tara

Ga ƙaramin molekul aikin uku ne. Ka ƙirga atam nawa ne na kowane iri, ka ninka da nauyinsa, ka tara. Ruwa, H2O: haidurojin biyu 2.016, oksijin ɗaya 15.999, jimla 18.015. Gulukos, wani nau'in sukari, C6H12O6: kabon shida 72.066, haidurojin sha biyu 12.096, oksijin shida 95.994, jimla 180.16.

Yanzu yuriya, CO(NH2)2. A nan ne hannu ke yawan zamewa. Lambar 2 da ke bayan baka tana hawa kan duk abin da ke cikin bakan, ba kan haidurojin kaɗai ba. Na sha yin makin takardu inda ɗalibi ya ninka haidurojin ya manta naitirojin, ya samu 46 a matsayin nauyin molekul ɗin, ya yi murna don ya ga ta yi daidai da lambar buhu, alhali dacewa ce kawai. Shawarata ita ce ka warware bakan a rubuce kafin ka taɓa kalkuleta: kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2, haidurojin 4. Wato 12.011 da 15.999 da 28.014 da 4.032, jimla 60.06. Rabon naitirojin kuwa shi ne 28.014 a raba da 60.06, wanda ya ba da kashi 46.6 cikin 100. Ga 46 ɗin buhu nan. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kusan kilo 23 na naitirojin, kuma shi ne ainihin abin da manomi ya biya kuɗi dominsa.

Mataki na uku: daga dalton zuwa giram

'Yan goro ba sa ƙirga goro ɗaiɗai a gaban mai saye, ƙwarya suke cewa, kowa ya san ɗari ake nufi. Masu ilimin sinadarai su ma suna da tasu ƙwaryar, sunanta mol, sai dai ita 6.022 × 10^23 ce, wato 6.022 a ninka da goma har sau 23, lambar da ake kira da sunan masanin kimiyya Avogadro. An zaɓe ta ne don ta yi aiki guda: duk lambar da ka samu a dalton ga molekul ɗaya, ita ce za ka samu a giram ga mol ɗaya. Molekul ɗin ruwa 18.015 Da ne, mol ɗin ruwa giram 18.015, wato kaɗan ya fi cikin babban cokali. Mol ɗin gulukos giram 180.16. Idan kana da giram kana neman mol, raba da nauyin molekul. Idan kana da mol kana neman giram, ninka. Ba wani abu bayan wannan.

Mataki na huɗu: idan molekul biyu suka haɗu

Sukarin shayi, sukuros, gulukos ne da furuktos a ɗaure. Kowannensu 180.16 ne, don haka za ka yi zaton 360.32. Amma fomular sukari C12H22O11 ce, nauyinta 342.30. Ina sauran 18.02 suka tafi? Ruwa ne. A wurin ɗaurin, ɗaya ya saki H, ɗayan ya saki OH, suka fita a matsayin molekul ɗin ruwa guda. Ka riƙe wannan da kyau, domin sitaci da auduga da furotin da nailan duk a kan wannan ƙa'ida aka gina su: kowane ƙulli ɗaya, ruwa ɗaya ya fita. Idan ka ɗaura ƙwaya goma a jere, ƙulli tara ne, ruwa tara za ka ɗebe, ba goma ba.

Mataki na biyar: carbi

Shekara ɗari da suka wuce, manyan malaman sinadarai a Turai ba su yarda akwai molekul mai nauyin dubu ɗari ba. A ganinsu roba da sitaci da auduga ƙananan molekul ne da suka cure wuri guda, kamar yadda gari ke dunƙulewa idan ya ji laima. Hermann Staudinger, Bajamushe da ke koyarwa a Zurich, ya fito a 1920 ya ce a'a, dogayen sarƙoƙi ne da atam ɗinsu ke ɗaure da juna da irin ɗaurin da ke cikin kowane molekul. A 1922 ya raɗa musu sunan da ke nufin babban molekul. An yi ta jayayya da shi shekara da shekaru, har abokan aikinsa na ba shi shawarar ya tsarkake kayan gwajinsa zai ga ƙanana ne. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Hanya mafi sauƙi ta gane irin wannan doguwar sarƙa, wadda ake kira polima, ita ce ka dubi carbi. Ba ka buƙatar auna shi gaba ɗaya: ka san nauyin ƙwaya ɗaya, ka san ƙwaya nawa ne, ka ninka. Ƙwayar da ke maimaituwa ita ake sawa cikin baka, a rubuta n a gefe.

Ledar ruwan fiya wata da baƙar ledar kasuwa poliyetilin ne, wanda Reginald Gibson da Eric Fawcett suka ci karo da shi a ɗakin gwajin kamfanin ICI a Ingila a 1933. Ƙwayarsa C2H4 ce, nauyinta 28.05. Sarƙa mai ƙwaya 2,000 za ta kai kusan 56,100 Da. A irin wannan haɗi ba abin da ke fita, ƙwayoyin buɗe hannu kawai suke yi su kama juna, don haka ba ka ɗebe komai. Bututun ruwa na PVC haka yake, ƙwayarsa C2H3Cl, nauyinta 62.50. Idan aka ce maka nauyin sarƙar 75,000 ne, raba da 62.50, ka samu ƙwaya 1,200. Robar da ake tatsa daga bishiya ƙwayarta C5H8 ce, 68.12.

Auduga kuwa ɗaya nau'in ce. Zarenta kusan zallar selulos ne, wato gulukos a jere, kuma tunda kowane ƙulli ya fitar da ruwa, ƙwayar ba 180.16 ba ce, 162.14 ce, C6H10O5. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a tambayoyin polima. Sarƙa mai ƙwaya 10,000, wadda ba baƙon abu ba ce a ɗanyar auduga, nauyinta 10,000 sau 162.14, a ƙara 18 na bakin sarƙar biyu, kusan 1,621,400 Da. Ka ga a nan 18 ɗin ba ta da wani tasiri, kamar ƙwayar gero ce a cikin buhu. Amma idan sarƙar ƙwaya uku ce ko biyar, dole ka sa ta. Sitacin da ke tuwo da koko shi ma ƙwayarsa 162.14 ce. Bambancinsa da auduga yana wajen yadda aka juya ƙullin, shi ya sa cikinmu ke narkar da ɗaya ya kasa ɗayan.

Mataki na shida: furotin, wanda ƙwayoyinsa ba iri ɗaya ba

Furotin carbi ne mai ƙwaya iri ashirin, amino asid, kowace da nauyinta. Mafi ƙanƙanta, gilaisin, 57 ce bayan an ɗebe ruwa. Mafi girma, tiriftofan, 186. Hanya biyu ake bi.

Ta farko ita ce ta kintace: ninka yawan amino asid da 110. Insulin ɗin ɗan Adam yana da 51, don haka kintacen ya ba da 5,610. Ta biyu ita ce ta cif, idan kana da fomula. Tsarin insulin Frederick Sanger ne ya gama warware shi a Cambridge a 1955, kuma fomular na ɗan Adam ita ce C257H383N65O77S6. Ka bi mataki na biyu kamar yadda ka yi wa ruwa: kabon 3,086.83, haidurojin 386.06, naitirojin 910.46, oksijin 1,231.92, salfa 192.36. Jimla 5,807.6 Da. Kintacen ya kauce da ƙasa da kashi 4 cikin 100, wanda ya isa idan so kake ka san inda furotin zai tsaya a gwaji. Gwada kuma da lambobin jarrabawa, C = 12, H = 1, N = 14, O = 16, S = 32: za ka samu 5,801. Ɓurɓushin nan na bayan ɗigo sun taru sun zama kusan dalton bakwai.

Ga DNA ma, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, wanda ƙwayoyinsa ke zuwa bibbiyu, akwai irin wannan kintace: kowane tagwayen ƙwaya kusan 650 Da. Guntu mai tagwaye 1,000 zai kai 650,000.

Akwai wata tsohuwar dabara da nake so ƙwarai, domin tana nuna yadda hankali ke isa inda na'ura ba ta kai ba. Himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, yana da ƙarfe kusan kashi 0.34 cikin 100 na nauyinsa. Molekul ba zai ɗauki rabin atam ba, ko dai ɗaya ko fiye. Idan ɗaya ne, to 55.85 ita ce kashi 0.34 cikin 100 na duka, wato 55.85 a raba da 0.0034, kusan 16,400. Wannan shi ne mafi ƙarancin nauyin da zai iya samu. A 1926 Theodor Svedberg na Uppsala a Suwidin ya juya ruwan himogulobin a injin da ke wulwulawa da tsananin gudu, ya auna yadda yake kwantawa, ya samu kusan ninki huɗu na wannan lamba. Ashe atam ɗin ƙarfe huɗu ne. Yau mun san lissafin dalla-dalla: sarƙar alfa biyu masu amino asid 141, kowace 15,126 Da, sarƙar beta biyu masu 146, kowace 15,867, sai zobba huɗu masu riƙe ƙarfen, kowanne 616. Jimla kusan 64,450.

Mataki na bakwai: matsakaici biyu

Kowane molekul na insulin daidai yake da ɗan'uwansa, domin jiki daga rubutaccen tsari yake kwafa. Leda ba haka take ba. A tukunyar masana'anta wata sarƙar ta tsaya da wuri, wata ta yi ta tsawo. Sitaci da selulos da ƙaron da ake tsinka a Jigawa da Yobe da Borno da Sudan duk haka suke, gauraye. Don haka tambayar "nawa ne nauyinsa" ba ta da amsa ɗaya, kuma matsakaicin ma iri biyu ne.

Mu ɗauki sarƙa goma. Shida nauyin kowace 10,000, uku 30,000, ɗaya 100,000. Matsakaicin farko, Mn, na ƙirga ne: tara duka ka raba da yawansu. 60,000 da 90,000 da 100,000 sun ba da 250,000, a raba da 10, Mn = 25,000.

Na biyu, Mw, yana ba kowace sarƙa murya daidai nauyin da ta kawo. Da farko ka fitar da rabon kowane rukuni daga cikin 250,000: ƙananan 0.24, matsakaitan 0.36, babbar 0.40. Sai ka ninka kowane rabo da nauyin sarƙarsa: 2,400 da 10,800 da 40,000. Tara, Mw = 53,200. Dubi abin da sarƙa guda ɗaya ta yi: a ƙirga ita ɗaya ce cikin goma, a sikeli kuwa ita ce kashi 40 cikin 100. Kamar garken da ke da awaki tara da sa guda: mai ƙirga kai zai ce garken awaki ne, mahauci kuma san yake kallo.

Idan ka raba Mw da Mn ka samu ma'aunin yadda sarƙoƙin suka bambanta. A misalinmu 2.13 ne. Ga furotin mai tsarki 1 ne cif. Ba ya taɓa sauka ƙasa da 1, don haka idan lissafinka ya ba da Mw ƙasa da Mn, koma ka duba, ka yi kuskure.

Wannan ba lissafin allo ba ne kawai. Tsawon sarƙa shi ke ba roba ƙarfi, domin dogayen sarƙoƙi suna sarƙewa da juna kamar zaren da ya harɗe. Kakin kyandir da leda kusan sinadari ɗaya ne, kabon da haidurojin a jere, amma na kyandir kabon ashirin zuwa arba'in ne, na leda dubbai. Ɗaya ya gutsure a hannu, ɗayan ya miƙe. Kuma ka lura da bokitin roba da ya shekara biyu a tsakar gida yana shan rana: launinsa ya koɗe, bayansa ya yi gari-gari, ranar da aka cika shi da ruwa aka ɗaga sai bakin ya ɓalle ya bar mariƙin a hannu. Hasken rana ne ya yi ta tsinka sarƙoƙin, matsakaicin nauyinsu ya sauka, ƙarfin ya tafi.

Mataki na takwas: idan babu fomula, sai awo

Ga ƙaramin molekul ana iya narkar da shi a ruwa a duba yadda ya rage ma'aunin daskarewa. Ga babba wannan ba ya aiki. Giram 10 na himogulobin a lita guda mol 0.000155 ne kacal, kuma zai sauke ma'aunin daskarewar ruwa da kusan digiri 0.0003, abin da ma'aunin zafi na ɗakin gwaji ba zai gani ba. Amma ka raba wannan ruwa da tsarkakakken ruwa da wata 'yar fata mai barin ruwa ya wuce ta tare furotin, sai ruwan ya yi ta shiga ɓangaren furotin har ya hau kusan santimita 3.9 a bututu. Wannan da rula ma za ka auna. Tsayin nan daidai yake da matsi na faskal 384 (faskal shi ne ma'aunin matsi). Lissafin shi ne: nauyin molekul = giram a kowace kubik mita, sau 8.314 (tsayayyar lamba ce da ba ta canzawa), sau zafi a ma'aunin Kelvin, a raba da matsin. Wato 10,000 sau 8.314 sau 298, a raba da 384, ya ba da kusan 64,500. Kula da abu biyu a nan: lita 1,000 ke cikin kubik mita, kuma zafin dole a mai da shi Kelvin ta hanyar ƙara 273. Wannan hanya ƙirga take yi, don haka Mn take bayarwa. Hanyar haska fitila cikin ruwan a auna yadda hasken ke warwatsuwa ita ce ke ba da Mw.

A masana'antun roba an fi tura narkakken polima ta cikin bututu cike da ƙwayoyi masu ƙananan ramuka. Ƙananan sarƙoƙi suna shiga ramukan su ɓata lokaci, manyan ba sa shiga, sai su riga fita. Mutane da yawa suna zaton akasin haka. Ga furotin kuwa, na'urar da ta fi kowace kaifi ita ce mai ɗora wa molekul caji ta cilla shi cikin wurin da aka zuƙe iskarsa ta auna nauyinsa. Da daɗewa manyan molekul farfashewa suke yi a cikinta, sai da John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan suka samo hanyoyin ɗaga su a tsanake, aikin da ya kai su ga Nobel a 2002.

Misali na ƙarshe, wanda ya shafi gidaje da yawa

A cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, bambancin himogulobin ɗin mai ita da na sauran mutane ƙwaya ɗaya ce tak cikin 146 na sarƙar beta. A gurbi na shida, inda ya kamata a samu gulutamik asid, sai aka samu balin. Vernon Ingram ne ya gano haka a Cambridge a tsakanin 1956 da 1957, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa matsalar a jikin molekul ɗin take. Yi lissafin da kanka: gulutamik asid a cikin sarƙa 129.12 ce, balin 99.13. Bambancin 30 Da. Sarƙar beta ta sauka daga 15,867 zuwa 15,837, kuma tunda biyu ne a kowane molekul, duka ya ragu da 60 cikin 64,450, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu.

Na'urar auna nauyi tana ganin wannan 30 ɗin sarai. Amma gwajin jini da aka saba yi a asibitocinmu kafin aure, wanda ke fitar da AA ko AS ko SS, ba nauyi yake dubawa ba, don 60 cikin 64,450 ya yi ƙanƙantar da ba zai raba su ba. Caji yake dubawa. Gulutamik asid tana ɗauke da caji, balin ba ta da shi, don haka idan aka ɗiga jinin a kan takardar gwaji aka saki lantarki, himogulobin S, na sikila, yana tafiya a hankali ya bar A, na sauran mutane, ya wuce gaba. Mai AA zai nuna layi ɗaya a gaba, mai SS layi ɗaya a baya, mai AS kuma layi biyu.